Dakta Mijinyawa da Bencin Baya

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin Dakta Mijinyawa Hammajoda zai gaya maka cewa a makon farko wuyansa ne ya fara shan wahala, ba ƙwaƙwalwarsa ba. Dalili kuwa, Dakta ba ya tsayawa gaban allo kamar sauran bayin Allah. Da ya shigo ɗakin lakca sai ya yi sallama, ya wuce teburin malami kamar bai gan shi ba, ya yi ta hawa matakala har can ƙurya, ya jingina da bango kusa da bencin ƙarshe, sannan ya fara karatu. Mutum ɗari da arba'in sai su yi ta waiwaye. Masu rige-rigen bencin gaba, waɗanda suka baro ɗakunan hayarsu a Yelwa ko karin kumallo ba su yi ba don su kama wuri, sai su tarar su ne na ƙarshe. Su kuwa gwanayen bencin baya, masu zuwa da gyaɗa da wayar hannu da niyyar rama barci, sai su ɗaga kai su ga malami tsaye a kansu yana murmushi, har yana tambayarsu ya gajiya.

A mako na biyu sukan gwada wayo, 'yan baya su gudo gaba, 'yan gaba su koma baya. Shi ko a jikinsa, don kafin nan ya riga ya haddace sunan kowa da lambarsa, har da unguwar da ya fito. Abokan aikinsa a tsangayar ilimi sun sha tambayarsa dalilin wannan tsayuwa tasa, shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum.

“A gidanmu makiyayi baya yake bi. Wanda ya shige gaban garke ya san inda za shi, amma bai san wadda ta gurgunce ba.”

“Haba Dakta, ɗalibai ne fa, ba shanu ba.”

“Na sani. Shi ya sa ban zo da sanda ba.”

Wannan ita ce amsar da yake ba mutane. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai wata amsar da ko matarsa Habibatu sai da suka shekara biyar da aure kafin ta ji ta.

Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa Hammajoda ya bar ruga, ya kama haya a Gwallaga, ya koma dillancin shanu. Aka sa yaro aji biyu a firamaren unguwa, alhali Hausar da ke bakinsa ba ta wuce “ina kwana” da “ban ruwa” ba, Turanci kuwa ba a ma maganarsa. Malamin ajinsu wani matashi ne mai suna Malam Babayo, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, mai guga a riga da bulala a hannu. Tsarinsa a fili yake: wanda ya zo na ɗaya shi ke bencin gaba, daga nan a yi ta bi har bango. Karin maganar da ya fi so a duniya shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ya ɗauke shi da gaske. Mijinyawa ya sami bencin ƙarshe, kusa da tsintsiyoyi. Da aka wuce aji na gaba sai aka ce Malam Babayo ya bi ajinsa, haka kuma aka sake yi a shekara ta uku. Shekara uku cur yaron nan yana bango, ba a taɓa tambayarsa komai ba sai dai wa ya yi surutu, shi da ko tari ba ya yi. A katin sakamakonsa na aji huɗu Malam Babayo ya rubuta, da wannan kyakkyawan rubutu nasa mai karkata dama kamar dawa bayan iska: “Daƙiƙi ne. Ba ya magana.”

Yadda aka yi ya taso daga wurin tsintsiyoyi har ya kai ga digirin digirgir, labari ne mai tsawo, kuma babu aljani a cikinsa, naci ne kawai. Abin da ya shafe mu shi ne, ranar da aka fara ba shi aji ya yi wa kansa alkawari ba za a sake ajiye wani a bango a gabansa ba.

Daga nan ya ɗauko ƙwaryar nonon mahaifiyarsa, ya cika ta da murafen kwalaben lemo, kowane murfi da lambar ɗalibi ɗaya. A ajinsa ba a ɗaga hannu. In ya yi tambaya sai ya girgiza ƙwarya, ya zura hannu ba tare da ya duba ba, wanda murfinsa ya fito shi ne mai amsa, ko ɗan kwamishina ne ko ɗan mai faci. In ka ce ba ka sani ba, ba laifi ba ne, za a ba ka minti biyu ka tattauna da na kusa da kai, sannan a dawo gare ka. Ƙarar ƙwaryar nan ta fi ƙararrawar kowace makaranta tashin mai barci. Akwai ɗaliban da suka gama karatu shekara goma da suka wuce, har yau in an zuba murafe a faranti sai gabansu ya faɗi.

Sai dai sanin kowa da ya yi ya jawo masa wata matsala. A takardar jarrabawa lamba ake rubutawa ba suna ba, don kada malami ya san mai ita, to shi kuwa lambobin duka suna kansa. Da ya ga lamba sai ya ga fuska, ya tuna wannan maraya ne, wancan kuma ya taɓa yi masa rashin kunya a gaban ofis. Ya kai kukansa gida. Habibatu tela ce, kuma mace ce da ba ta son dogon bayani. Ta ɗauki takarda ɗaya, ta naɗe kusurwar da lambar take sau uku, ta ɗora a keken ɗinki, ta zarce. Tun daga ranar, duk ƙarshen zango sai ka ji kekenta yana ta aiki a kan takardun jami'a, ta ɗinke, ta cakuɗa, ta miƙa masa. Sai ya gama ba da maki tsaf take zama da reza ta farke. Maƙwabta sun daɗe suna zaton wani sabon salon ɗinki ne ya shigo gari.

Haka rayuwarsa take tafiya lami lafiya har shekarar da ya cika arba'in, aka ba shi kwas ɗin dabarun koyarwa na 'yan ajin ƙarshe. Ya ga wani suna Babayo Mansir a rajista, bai kawo komai a ransa ba, don Babayo a Bauchi ba abin a tsaya kallo ba ne. Ranar farko ya shigo da ƙwaryarsa, ya haura matakala kamar kullum. A bencin ƙarshe, can jikin bango, sai ga wani dattijo cikin babbar riga, gemu fari tas, ya rungume jakar fata, ya sunkuyar da kai. Bawan Allah ya zaɓi baya ne don ya ɓuya daga idon 'ya'yan cikinsa, kuma ba wanda ya gaya masa halin malamin. Ya ɗago kai, suka haɗa ido.

Shekara talatin da ɗoriya ta wuce, amma gwiwa ba ta mantuwa. Kafin Dakta ya yi wani tunani sai ya ji shi tsugune a ƙasa, ƙwarya a hammata.

“Malam, ina kwana?”

Shi kuwa Malam Babayo, a matsayinsa na ɗalibi, ya yunƙura ya miƙe don girmama malami. Da ya ga malamin a tsugune, ya ga ba zai yiwu ya tsaya a kansa ba, sai shi ma ya tattare babbar riga ya tsuguna. Dakta ya ƙara yin ƙasa. Dattijo ma ya ƙara. Nan suka maƙale tsakanin benci da bango suna gaisawa, ya iyali, ya aiki, ya ƙoƙari, ya bayan rabuwa, suka gama suka sake ɗaukowa daga farko, don ba wanda zai yarda ya riga ɗan'uwansa tashi. Wuya ɗari da talatin da tara sun juyo suna kallo. Daga ƙarshe wata yarinya da ke kusa, Dorcas, 'yar shekara ashirin da biyu mai baki kamar reza, ta kasa haƙuri.

“Dakta, mu ma mu tsuguna ne?”

Aji ya fashe da dariya, su kuma suka samu suka miƙe tare, kowa yana kakkaɓe rigarsa.

Bayan lakca Malam Babayo ya biyo shi ofis. Dakta ya ba shi kujerarsa, shi ya zauna kan wani kwalin littattafai.

“Mijinyawa... af, Dakta. Ba zan ɓoye maka ba. Ni ne hedimastan makarantarku yanzu, shekara goma sha ɗaya ke nan. An ce min in ban kawo digiri ba, kujerar za a ba mataimakina, yaron da ni na koya masa riƙe fensir. Na yi ta fama da karatun nan na lokacin hutu, na cinye komai, sai wannan kwas ɗin. Sau biyu yana kayar da ni a hannun malamin da ya riƙe shi kafin kai. In ya ƙara na uku, an sallame ni ke nan. Shekara uku ta rage min in ajiye aiki, ba na so in ƙarasa su ina cewa yaron nan ranka ya daɗe.”

“Allah ya sa a dace, Malam.”

“Ai da na ji kai ne ka karɓi kwas ɗin, na ce Allah ya kawo sauƙi. Tun kana ƙarami na san za ka yi nisa.”

Wannan maganar ta soki Dakta fiye da duk bulalar da ya taɓa sha. Ashe mutumin nan ko tunawa bai yi ba. Shi ya ɗauki abin a ƙirji shekara talatin, har ya gina aikinsa duka a kai, wanda ya yi masa kuwa ya manta kamar yadda ake manta abincin jiya. Ya ce, “Malam, abin da nake yi wa kowa shi zan yi maka.”

“Kowa?”

“Kowa, Malam.”

“To, Allah ya kyauta,” in ji dattijo, ya ɗauki jakarsa.

A mako na uku ƙwarya ta yi aikinta. Dakta ya yi wata tambaya daga littafi, ya girgiza, ya zaro murfi, ya duba, sai ga lambar Malam Babayo. Ya so ya mayar ya sake zarowa, amma Dorcas tana nan kusa ta zuba wa hannunsa ido. Ya kira lambar. Malam Babayo ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, Turanci ya ƙi fitowa. Mutumin da tsawarsa ɗaya ke sa yara ɗari tara su yi tsit, ga shi tsaye jikin bango, gumi yana bin gemunsa.

Gaskiya ɗaya ce, kuma sai an faɗe ta: Dakta ya ji daɗi. Wani daɗi mai sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya, ya ce a ransa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Daɗin bai kai ƙiftawar ido uku ba kunya ta biyo shi, kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Ya yi sauri ya ce, “Minti biyu, Malam, ka tattauna da na kusa da kai.”

Dorcas ta matso da littafinta. “Baba, duba nan, abin ba wuya.”

“Ke, matsa can. Na yi jika da ke.”

Wanzami ba ya son jarfa. Minti biyu suka ƙare bai tattauna da kowa ba, ya zauna yana huci. Da aka yi gwajin farko kuma ya ci huɗu cikin goma sha biyar.

Ranar Asabar da hantsi sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya ƙofar gidan Dakta a Yelwa, Malam Babayo ya sauko. Habibatu ta shimfiɗa darduma a zaure, ta kawo kunun gyaɗa. Dakta ya zauna a ƙasa nesa da dardumar, ya naɗe ƙafa kamar mai jiran hukunci. Malam Babayo ya shanye kunu sarai, ya goge baki, sannan ya zaro takardar gwajin ya ɗaga ta da yatsa biyu.

“Huɗu, Mijinyawa? Ni? Hannun da ya rubuta huɗun nan wa ya koya masa rubuta huɗu?”

“Kai ne, Malam.”

“To?”

“To huɗun ce, Malam. Amma kowace Laraba bayan la'asar ina zama da ɗalibai gindin mangwaron da ke bayan tsangaya, duk mai matsala ya zo mu duba tare. Ka zo. Sai dai layi ake bi.”

Dattijo ya tashi ko sallamar kirki bai yi ba. Da Dakta ya dawo daga rakiya, Habibatu ta dube shi ta riƙe haɓa.

“Dakta, wai shi ne ya faɗi gwajin ko kai? Ji yadda rigarka ta jiƙe.”

Ba wanda ya zaci zai zo, amma Laraba na yi sai ga shi da jakarsa. Ɗalibai suka dare, kowa yana cewa Baba ya wuce gaba. Ya ɗaga hannu cikin fushi. “A'a. Tunda an ce kowa, to kowa ne.” Ya karɓi na goma sha bakwai, ya zauna kan saiwar mangwaro, ya juya wa duniya baya.

A bayansa Dorcas da wani saurayi mai suna Elisha suna gardama a kan aikin rukuninsu, wanda ƙwarya ta jefa Malam Babayo a ciki kuma bai taɓa halarta ba. An ce su tsara yadda malami ɗaya zai koyar da yara casa'in a aji ɗaya. Elisha ya ce a raba wa kowane yaro takardar aiki. Dorcas ta ce a'a, a nuna musu hoto a majigi. Dattijo ya yi ta jurewa, yana motsi kamar wanda tururuwa ta shiga wa wando, har abin ya fi ƙarfinsa.

“Kai! Majigi? Da wace wutar? Takarda casa'in kullum, uban wa zai saya? Ku saurara. Yara casa'in, ka fara nemo goma da suka gane, ka ba kowane ɗaya mutum takwas, ka fitar da su gindin bishiya su yi rubutu a ƙasa da tsinke. Kai kuma ka yi ta zagayawa. Yaro ya fi jin bayanin yaro.”

Dorcas ta buɗe baki, ta hau bincike a littafi da sauri. “Baba! Wannan abin da ka faɗa, shi ne yana shafi na arba'in da biyu. Kawai Bature ne ya sa masa dogon suna.”

“Mu gani.” Ya zaro tabarau, ya duba, ya karanta dogon sunan a hankali. “Wannan ne ya kayar da ni sau biyu? Abin da nake yi tun ba a haife ki ba?”

Dakta yana can gefe da wani ɗalibi, amma kunnensa yana nan. Da layi ya zo kan na goma sha bakwai bai buɗe littafi ba sam. Ya ce, “Malam, daga yau ga yadda za mu yi. Kai ka faɗi yadda kake yi a makarantarka, Dorcas ta nemo sunan da littafi ya ba shi, Elisha ya rubuta. Su ba su taɓa tsayawa gaban yara ba, kai kuma sunayen ne kawai ba ka da su.”

Haka aka yi ta yi duk Laraba har ƙarshen zango. Ba wai dattijo ya zama waliyyi ba ne. Sau biyu yana korar Elisha don ya zo da wando a ƙasan ƙugu, kuma da aka zo babin da ya hana dukan yara sai da ya yi mako guda ba ya yi wa littafin magana. Amma gemu ba ya hana ilimi. Rukuninsu ya ci goma cikin goma sha biyar, ya haɗa da huɗunsa ya zama yana da goma sha huɗu. Ana hayewa da arba'in, ke nan yana neman ashirin da shida a babbar jarrabawa.

Aka yi jarrabawa, Habibatu ta ɗinke, ta cakuɗa, ta ajiye masa tulin takardu a tsakar gida ranar wata Asabar da safe. Dakta ya zauna ya zuba musu ido, bai taɓa ko ɗaya ba. Abin da ke damunsa tun farkon zango shi ne ya zo. Zare yana ɓoye lamba, amma ba ya ɓoye rubutun hannu, kuma rubutun nan mai karkata dama ko cikin barci aka nuna masa zai gane shi. Yana tsoron ya tausaya ya ƙara, yana kuma tsoron yaron nan na wurin tsintsiyoyi ya ƙwace biron ya rage. Ya yi tunanin ya ba wani malami takardar ya duba, sai ya tuna bai taɓa yi wa kowa haka ba.

Ya yi bismilla ya fara. A takarda ta goma sha tara sai ga shi, rubutu ya kwanta dama, kowane harafi a wanke. Ya duba a hankali, ya bi tsarin makinsa layi-layi, ya haɗa. Ashirin da huɗu. Ya sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama, ashirin da huɗu dai. Maki biyu kacal tsakanin dattijo da kujerarsa.

Ya ajiye biro, ya zagaya tsakar gida, ya ba kaji dawa alhali sun ci, ya dawo. Akwai wata amsa a tambaya ta uku da in mutum ya karkata kai ya kanne ido ɗaya, zai iya ganin maki biyu a cikinta. Ya karkata kan. Ya ɗauki biro. Sai ya tambayi kansa, da rubutun nan tsaye yake ba karkatacce ba, zai karkata kai? Ya san amsar. Ya rubuta ashirin da huɗu, ya zagaye, ya kife takardar, zuciyarsa kamar an ɗora mata turmi. Babu ko ɗigon daɗi a wannan karon, baƙin ciki ne tsantsa.

Takarda huɗu gaba, sai ga rubutun nan ya sake fitowa. Ya murza ido. Shi ne dai, har yadda ake ja wa kan magana layi biyu da rula. Wannan ta ci hamsin da ɗaya. Can gaba ga wata, talatin da uku. Ga wata kuma. Kafin azahar ya tara takarda tara a gefe guda, duk hannu ɗaya kamar injin buga takardu ne ya fitar da su.

“Habibatu! Zo ki ga ikon Allah. Ko dai satar amsa aka yi, ko Malam ya rubuta jarrabawa sau tara.”

Ta zo tana goge hannu, ta duba ɗaya, ta duba biyu, sannan ta ɗora yatsa kan jan biron da ya yi gyara da shi a gefe.

“Goma dai. Ga na goman nan.”

Ya dubi nasa rubutun. Ya kwanta dama kamar dawa bayan iska. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Shekara talatin da biyu mutumin nan yana dasa wa 'ya'yan Gwallaga hannunsa da bulala, wasu ya koya musu da kansa, wasu ɗalibansa da suka zama malamai suka koya musu, ga su nan sun girma sun cika masa aji. Habibatu ta yi dariya har ta zauna kan tabarma.

“To a cikin taran nan wacce ce tasa? Ke kika ɗinke, ai kin gani.”

“Ni tela ce, Dakta. In ka gama ka kira ni da rezata.”

Kwana uku ya ƙara yana aikin, biyu daga cikin taran nan kuma suna ƙasa da ashirin da shida, suna kallonsa yana kallonsu. Ranar Talata da yamma ta zauna da reza, shi yana gefe da rajista. Ta ƙi fara da taran, ta bi tuli yadda yake, don ta ce kowa ai kowa ne. Mai ashirin da huɗun nan da ta hana shi sukuni ta Elisha ce, wanda makin gwajinsa ya riga ya yi yawa, ya haye ba tare da sadakar kowa ba. Ɗayar da ba ta kai ashirin da shida ba ta wata yarinya ce, Dakta ya rubuta sunanta a gefe don ya neme ta gindin mangwaro. Malam Babayo shi ne mai talatin da uku. Arba'in da bakwai ke nan, ba yabo ba fallasa, amma kowane maki a ciki guminsa ne. Dakta ya kifa kai kan rajista ya yi ta hamdala.

Bayan an kafe sakamako da wata guda, sai aka kawo masa wata 'yar takarda a ofis, rubutu ya kwanta dama: “Ka zo makaranta ranar Litinin ƙarfe tara. Kada ka makara.” Ƙarfe takwas da rabi keke ya sauke shi a Gwallaga, ya yi rabin awa yana jira a bakin ƙofa yana duba ko takalminsa ya yi ƙura.

Aka nuna masa aji huɗu, wancan ɗakin dai. Gaban allo ba kowa. Hedimasta yana can baya jikin bango, wurin tsintsiyoyi, da gwangwanin madara cike da murafe a hannunsa. Bulalar kuwa tana nan ba ta ɓace ba, an tokare tagar da ta lalace da ita. Yara suka miƙe suka gaida baƙo da murya ɗaya.

Malam Babayo ya dafa bencin ƙarshe. “Yara, kun ga wannan bencin? Nan na ajiye wani yaro shekara uku, na ce daƙiƙi ne don ba ya magana.” Ya juyo ya dubi Dakta. “Na manta, Mijinyawa, wallahi na manta. Sai ranar da ƙwaryarka ta fito da ni. Na san amsar nan sarai da Hausa, bakina ne ya ƙi ɗaukar Turanci. Ina tsaye ina gumi sai na ga fuskarka kana ƙarami. Na ce ashe haka yaron nan ya ji, ni na minti biyu, shi na shekara uku. Ka yafe min.”

Gwiwoyin Dakta suka fara yin ƙasa kamar yadda suka saba.

“A'a, kada ka tsuguna, in ka tsuguna sai azahar. Wuce gaba ka zauna. Bencin farko.”

Yara biyu suka matsa masa. Ya cusa kansa a bencin, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, aji ya kaure da dariya. Daga nan allo a kusa yake ƙwarai, har ana ganin tsagar da ke jikinsa, bai taɓa sanin haka yake ba. Hawaye ya zubo masa, bai kuwa share ba.

Daga bayan aji aka girgiza gwangwani.

“Mijinyawa, gyara zamanka.”

Ya gyara.